Motar Baba Tana Numfashi

Daren da na fara jin ƙarar, an ɗauke wuta, zafin bazara kuma ya koro mu waje. Idar da sallar isha'i ke nan na shimfiɗa tabarma a tsakar gida ina fifita, sai na ji wani abu yana gurnani ƙasa-ƙasa, mmmmm, ba ya hawa ba ya sauka. Ba sauro ba ne. Ba injin markaɗen bayan layinmu ba ne, don shi tun magariba ake kashe shi. Na ɗaga kai na kasa kunne, sai na gane daga jikin tsohuwar motar Baba yake fitowa, motar da rabonta da motsi tun ina firamare.

Na ce, "Baba, kana jin abin da nake ji?"

Yana kan buzunsa da carbi a hannu. Ya yi murmushi ya juyo da fuskarsa wajen da muryata take.

"Sai yau kika ji, Uwata? Ai ta daɗe tana yi. Numfashi take. Haka lafiyayyen inji yake yi in an tayar da shi an bar shi a tsaye."

'Yan'uwa masu karatu, bari in gaya muku ko su wane ne mu, kada in yi ta zuba ku rasa kan zance. Sunana Ummussalma, ana ce mini Salma. Baba kaɗai ke ce mini Uwata, don sunan mahaifiyarsa na ci. A Gwaram muke zaune. Baba, Malam Ɗan'azumi direba, ya ƙarar da ƙarfinsa yana jigilar mutane tsakanin Gwaram da Sara da Birnin Kudu a farar pijo mai dogon baya. Ciwon ido ya sauke shi daga kan sitiyari, daga baya idon ya rufe gaba ɗaya. Inna ta rasu, Allah ya ji ƙanta, kuma ni kaɗai Allah ya bar musu. Ni ke dama masa kunu, ni ke aje masa buta inda ƙafarsa ta saba samunta, ni ke gaya masa ko rigar da ya sa ta juya baya.

Motar tana nan jikin katanga ƙarƙashin darbejiya, an ɗora ta kan bulo, tayoyinta sun tsattsage kamar faso. 'Yan gwangwan sun zo sun fi a ƙirga, Baba ya kore su da sanda. Kullum bayan magariba sai ya lallaba ya buɗe ƙofa ya zauna a mazaunin direba, ya dafa sitiyari, ya yi shiru. Dokoki biyu ya kafa mini a kanta. Na farko, kada a raɓe ta da turare a jiki. Na biyu, kowace safiya in zuba ruwa a tsohon faranti, in jefa 'yan tsakuwoyi a ciki, in tura ƙarƙashinta. In na tambaya sai ya ce, "Mota ma tana jin ƙishi." Na ɗauka rigimar tsufa ce. Ina yi ina dariya a zuciyata.

Da gari ya waye na ratsa ta tsakanin motar da katanga, inda ba wanda ke bi. Nan na gan su. Ƙudan zuma ne, suna shiga suna fita ta wata 'yar huda da tsatsa ta yi a ƙarƙashin ƙofar baya, kowa da harkar gabansa kamar 'yan kasuwa a bakin tasha. Na ja da baya a hankali. Na dubi Baba yana can yana shan kununsa cikin kwanciyar hankali. Wallahi sai na kasa gaya masa. Mutumin da duniya ta ɗauke masa haske, ta bar masa wannan gurnani guda ɗaya, ni ce zan ce masa ƙwari ne?

To, ga Iliyasu.

Iliyasu mai gyaran jikin mota ne a Birnin Kudu, fanal bita. A asibiti muka haɗu ranar da na kai Baba duba ido, ya ba mu wurin zamansa a kan benci. Dogo ne, baƙi, kullum gefen farcensa da sauran fenti ko da ya ci ado. Ranar da ya fara zuwa gidanmu na sa atamfata ruwan ganye mai zanen tsuntsaye, na yafa farin mayafi, na ɓata lokaci gaban madubi ina gyara ɗauri. Na shigo da shi ya gaida Baba. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya ɗago, idonsa ya sauka a kan motar. Shi ke nan. Ni da ɗaurina muka zama 'yan kallo.

"Baba, wannan ai 'yar asali ce! Wa ya bar ta haka?"

"Ka san mota, yaro?"

"Ita nake ci, ita nake sha, Baba."

Suka yi ta hira har aka kira la'asar. Da zai tafi na raka shi zaure na ce, "Wajen wa ka zo ne, ni ko ita?"

Ya ce, "Ke na zo gani, amma yayarki ta tare ni a hanya."

Magana ta yi nisa, manyansa suka zo aka yi gaisuwa, aka karɓa. Saura sa rana. Da aka zo nan sai Baba ya gyara zama ya ce shi ba ya neman komai wajen yaron nan sai abu ɗaya: ranar da motar nan ta ɗauke shi da ƙafafunta ta kai shi Sara ya gaida 'yan'uwa, ranar zai sa rana. Mutane suka yi dariya suka ɗauka wasa ne. Iliyasu bai yi dariya ba. Ya ce, "Na ɗauka, Baba."

A daren ya turo mini saƙo a waya: "Salma, ki fara ɗinki. Abokina zai yi inji, ni zan yi jiki. Kafin azumi kina Birnin Kudu."

Na mayar masa: "Akwai abin da ban gaya maka ba game da motar."

"Aljanu?"

"Gara aljanu. Zuma."

Ya turo hoton fuska mai dariya har da hawaye. Ni kuwa ban yi dariya ba.

Ranar hutunsa ya zo a kan mashin da akwatin kayan aiki ɗaure a baya. Ya bi motar yana ƙwanƙwasa ta da ɗan guduma, yana kara kunne kamar mai sayen tukunya. Sannan ya kira ni gefe ya nuna mini abin da ban taɓa sani ba duk zamana da motar nan. Ashe jikin mota ba ƙarfe ba ne cunkus. Ginshiƙan nan da ke riƙe da rufi, da dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi inda ake taka ƙafa a shiga, duk kogo ne a ciki, rami ne mai tafiya daga gaba har baya, yana haɗuwa da 'yan'uwansa a ɓoye. Ya ce, "Kamar ƙashin mutum ne, Salma. Waje tauri, ciki rami. To ita wannan tsatsa ta cinye ta daga ciki, ƙarfen ya zama kamar takarda. In ta hau hanyar Sara a haka, ramin farko za ta karye biyu da Baba a ciki."

"To sai yaya?"

"Inda ya huje zan yi masa walda. Sauran kuma zan zuba mata ɓargo."

Wai akwai wata kumfa da ake kawowa daga Kano, ruwa biyu ne a kwalabe biyu manne da juna. In aka harba su cikin kogon da wata bindigar hannu, sai su haɗu su kumbura kamar ƙullin alkaki, su bi kowane lungu su cika shi, sannan su daskare su yi tauri kamar dutse, su riƙe ƙarfen ta ciki. Na tsaya ina kallon bakinsa. Ruwan da ke zama ƙashi. Allah mai iko.

"Amma fa tana da tsantsani," in ji shi. "Ba ta kama tsatsa. Ba ta kama danshi. Ba ta kama maiƙo. Abin da ta fi ƙi a duniya kuwa shi ne kaki. Ke kuma kin tara mini kakin zuma na shekaru a cikin nan."

"Ni na tara?"

"To wa ke ba su ruwa kullum?"

Sannan na tambaye shi abin da ke cina: "In an zuba kumfar, za su iya komawa?"

"Ina? Ko tururuwa ba ta samun wuri. Kuma in ta shiga ta shiga ke nan, ba ta fita."

Na kira Gwaggo Barira a waya, ƙanwar Baba da ke aure a Farin Dutse, na gaya mata komai ina kuka. Gwaggo ba ta da haƙurin kuka.

"Ke Salma, rufe mini baki! Kan ƙwari za ki zauna? Sa'anninki suna goye da na biyu, ke kina nan kina shayar da mota ruwa. Yaya ya saba da rigimarsa tun muna yara. Zan zo in ɗauke shi mu tafi suna, ku kuma ku yi abin da za ku yi."

Haka aka yi. Gwaggo ta zo ta sa shi gaba, ya sa babbar rigarsa shuɗiya, suka hau mota zuwa Farin Dutse. Iliyasu ya kawo wani mai ɗiban zuma. Aka kunna busasshen kashin shanu, aka tura hayaƙi cikin hudar. 'Yan'uwa, ban san mota za ta iya kuka ba sai ranar. Gurnanin ya tashi ya zama ihu, suka yi ta fitowa baƙi ƙirin kamar hayaƙin da kansa ya yi fiffike. Ina leƙe ta tagar ɗaki na rufe fuska da hijabi. Mai zumar ya rataya musu amya a saman darbejiya, amma suka ƙi shiga. Suka yi curi a wani reshe daidai saman motar, kamar an rataye baƙar ƙwarya.

Iliyasu ya yanka ƙarfen ƙasan ya buɗe. Saƙar zuma jere-jere, wata fara wata baƙa don tsufa, ta bi siffar kogon daidai kamar tela ne ya auna. Aka tace zuma cike da bokitin roba. Maƙwabta suka samu, na cika kwalba ɗaya na aje wa Baba.

Da yamma suka dawo. Bayan magariba ya lallaba kamar kullum, ya buɗe ƙofa, ya zauna, ya dafa sitiyari. Ina tsaye da buta a hannu na kasa ajewa. Ya daɗe. Sannan ya ce, "Iliyasu yana nan?"

"Ga ni, Baba."

"Ta yi shiru."

Iliyasu ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya ce, "Batir na cire, Baba, saboda aiki."

Motar da rabonta da batir tun Inna na da rai. Baba ya gyaɗa kai a hankali ya ce, "To. Madalla."

Da safe na zuba masa zumar a kunu na ce Iliyasu ne ya kawo tsaraba daga Birnin Kudu. Ya kurɓa ya riƙe a baki. Ya ce, "Zumar nan ta san hanya." Ya ce in aje masa kwalbar a ɗakinsa.

Daga nan aiki ya kankama, kuma in gaya muku gaskiya, ban taɓa ganin mutum ya wahala kan abin da ido ba zai taɓa gani ba kamar yadda Iliyasu ya wahala. Duk ranar da ya samu sarari yana hanyar Gwaram. Ya kankare kaki da wuƙa. Inda wuƙa ba ta kai ba ya ɗaura burushin ƙarfe a bakin doguwar waya ya tura. Ni ke tafasa masa ruwa a babbar tukunya, ya ɗura ta sama, ya fito ta ƙasa rawaya da kaki yana yawo a kai. Ya bi da wani ruwa mai yaji a hanci mai cin maiƙo. Ya zare duk wayoyin wuta da suka bi ta cikin ginshiƙai, wai in kumfa ta binne su ba mai sake ganinsu. Ya gama waldarsa kaf, don bayan an zuba kumfa ba a kusantar wurin da wuta. Ya shafa maganin tsatsa. Ya huda 'yan ƙananan ramuka a jere, tazarar taƙi ɗaya-ɗaya na hannu, inda bakin bindigar zai shiga. Ƙananan hudojin da ruwan sama ke tsiyayewa ta ƙasa kuwa ya soka musu bututun shan lemo, don kada kumfa ta toshe su. Sannan ya bi kowace kafa da kowace tsaga ya liƙe da salatif mai faɗi, ya ce a bar ta ta bushe ƙayau.

Motar ta koma kamar majinyacin da aka naɗe da bandeji. Kowace safiya ƙudan nan sai su sauko daga reshe su yi ta zagaya ta, suna dukan salatif da kawunansu, suna neman ƙofar gidansu. Ina shara ina jin 'yar ƙarar, tas, tas, tas.

Baba kuwa ya rage cin abinci. Tuwon da yake cinye malmala biyu ya koma gutsura. Bai daina shiga motar bayan magariba ba, amma ba ya daɗewa. Wani maraice na bi shi na buɗe ɗaya ƙofar na zauna a gefensa, inda yake zaunar da ni ina ƙarama yana ce mini kwandasta.

Ya ce, "Uwata, kin san ramin da ke bayan gadar nan in za a shiga Birnin Kudu?"

"An gyara hanyar, Baba."

"Ashe." Ya shafa sitiyari. "Da nisa fa Birnin Kudu."

"Ba nisa, Baba. Kuma Iliyasu ya ce akwai ɗaki a gidan, na waje, mai ƙofa daban. Ya ce tare za mu tafi da kai."

Ya yi 'yar dariya. "In zauna gidan suruki? In yi tari ya ji, in yi gyatsa ya ji? Ɗan'azumi bai lalace haka ba tukuna."

"To Gwaggo ta ce za ta riƙa turo abinci."

"Barira gishirinta ya yi yawa tun tana budurwa."

Na ce, "Baba, to ka faɗi yadda kake so a yi."

"Ni? Ai na faɗa a gaban mutane. Mota ta kai ni Sara."

Na zauna muna kallon katanga ta gilashin gaba, ni ina gani, shi ba ya gani, kuma duk abu ɗaya muke kallo.

Ta can ɓangaren ma wuta ake hura mini. Dada, mahaifiyar Iliyasu, ta gaji. Wata rana ya turo saƙo, ba gaisuwa ba wasa:

"Dada ta ce ta haifi ɗa ne ko ta haifi bawan mota. Ta ce in ba a sa rana kafin azumi ba, a bar maganar, kada a mayar da ita abin dariya a unguwa."

Na rubuta: "Kai me ka ce?" Na goge. Na rubuta: "Ka ba ta haƙuri." Na goge. Daga ƙarshe na tura: "To."

Ya kira nan take. "Salma, wane irin 'to'? Inji ya kusa, abokina ya ce ya fara amsawa. Kumfa ta iso. Saura in zuba, ta kwana biyu ta kama, mu ɗora inji. Ki daina yi mini 'to', kina kashe mini jiki."

"Baba ba ya cin abinci, Iliyasu."

Ya ce, "In ya ji kukan injin gaske zai manta da wancan."

"In kuma ya ji kukan injin gaske, rana ɗaya zai ji shi. Ta kai shi Sara ta dawo da shi, ni in tafi, wa zai riƙa tayar masa da ita?"

Na ji ana buga guduma a bayansa, can garejinsu.

Ku gaya mini, 'yan'uwa, ina zan sa kaina? Ina son Iliyasu, ban ɓoye muku ba. Har atamfar da zan sa ranar sa rana na kai wa tela, ja mai ɗigon zinariya, an ɗinka an kawo tana cikin akwati. In na buɗe na shafa ta sai in ji daɗi, in na rufe sai in ji tarin Baba daga ɗakinsa.

Kumfar ba ta son zafi, sai aka kai ta ajiya wajen maƙwabciyarmu Anti Martina. Ita ke da kantin magani a bakin layinmu, tana da firiji mai aiki da hasken rana. Tun ina yarinya take a unguwar, ita ke auna wa Baba jini, kuma ita kaɗai ke iya yi masa tsiya ya yi dariya. Da Iliyasu ya kai mata kwalaben ta ce, "Yau na ga abu. Allurar yara a sama, allurar mota a ƙasa. In na rikice na yi wa wani yaro wannan, ya daskare, ku za ku yi bayani."

Aka tsayar da ranar Asabar. Ranar Juma'a da yamma Iliyasu ya zo ya duba, ya zura yatsa cikin wata huda ya fito da shi ya nuna mini. Tas, ba danshi, ba maiƙo. Ya mayar da salatif ya danne. Ya durƙusa gaban Baba ya ce, "Gobe in Allah ya kai mu za a zuba, Baba. Ka fara shirin Sara."

Baba ya ce, "Allah ya kai mu. Allah ya yi maka albarka, yaro. Ka yi aiki." Har ya dafa masa kai.

Ranar Asabar na yi asuba na koma na kwanta, abin da ban saba ba, don kwana na yi ina juyi. Barci mai nauyi ya ɗauke ni. Cikin barcin na ji shi. Mmmmm. Na ɗauka mafarki ne, har na gyara kwanciya don in ƙara ji. Sai na buɗe ido na ga hantsi ya dubi ɗakina, ƙarar kuma ba ta tafi ba.

Na fito ba ɗankwali.

Reshen darbejiya fayau, ba komai a kai. Motar kuwa ta yi baƙi da ƙuda, suna turereniya a bakin kowace huda da Iliyasu ya yi. Babu salatif ko ɗaya. Ba yagewa aka yi ba, ɓare shi aka yi a hankali, ɗaya bayan ɗaya, aka dunƙule wuri guda aka aje a kan bonet kamar ƙwallon yara. Bututun shan lemon nan an zare su an jera su a gefe. Bakin kowace huda yana sheƙi, wani abu mai yauƙi yana gangarowa. A ƙasa, jikin bulo, ga kwalbar zumar Baba a kwance, babu komai a ciki. Kusa da ita ga tsohon farantin nan da na daina zuba wa ruwa tun ranar da aka yi hayaƙi. An cika shi, an jefa tsakuwoyi a ciki, wasu ƙudan sun sauka a kan tsakuwoyin suna sha ba tare da sun nutse ba.

Na tsaya ina kallon farantin. Mota ma tana jin ƙishi. Kada a raɓe ta da turare. Tun yaushe nake ɓoye wa makaho abin da shi ya fara sani?

Yana zaune a mazaunin direba, gilasai a ɗage, babbar rigarsa shuɗiya a jikinsa, ya tura hannuwansa biyu cikin aljihun gaba. Kansa a jingine, fuskarsa a sake, irin sakin da rabona da gani tun kafin a yi hayaƙi.

Ƙarar mashin ta tsaya a ƙofar gida. Iliyasu ya yi sallama ya shigo da bindigar kumfa a hannu, yana cewa, "Ina amarya, a kawo mana..." Ya dubi motar. Ya matsa a hankali, ya dangwali abin da ke gangarowa daga wata huda, ya murza a yatsa, ya shinshina. Ya dubi kwalbar. Ya dubi Baba. Sannan ya dube ni.

Na ce da ƙaramar murya, "Za a iya sake wankewa?"

Ya ce, shi ma ƙasa-ƙasa, "Za a iya. A sake hayaƙi, a sake ruwan zafi, a sake jira ta bushe. Azumi ya shigo ke nan." Ya dubi dunƙulen salatif a kan bonet. "Kuma in na sake liƙewa, Salma, gadi zan kwana yi?"

Wayarsa ta fara ƙara a aljihu. Ya ciro, na hango sunan Dada a jiki. Bai ɗauka ba, bai kashe ba, ya riƙe ta tana ta yi.

Baba ya sauke gilashi kaɗan ya ce, "Iliyasu ne? Sannu da zuwa. Ka mayar da batir ɗin ashe. Ka ji ta?"

Iliyasu ya dube ni. Ya ce, "Na ji ta, Baba."

Daidai nan Anti Martina ta yi sallama, rungume da kula mai kwalaben kumfa a ciki, zaninta na zuwa kanti a ɗaure. "Ga maganin majinyaciyarku nan da sanyinsa, ku yi sauri kafin rana ta... Yesu! Wa ya dawo da waɗannan?" Ta ja baya ta rufe kai da gefen zani. Ta ga ba wanda ya motsa, sai ta zagaya ta ɓangaren direba, nesa-nesa. "Baba Direba, fito mana kada su yi maka illa. Kawo hannu in riƙe ka."

Ta ja ƙofar ta buɗe. Baba ya manta, ya zaro hannu daga aljihu ya miƙa mata. Yatsunsa sun yi suntum kamar rogo, fatar tana ƙyalli, zoben azurfarsa ya nutse cikin nama. Tsakanin yatsun akwai sauran danƙon salatif.

Anti Martina ta aje kular a ƙasa. Ta juya hannun sama da ƙasa, ta dubi ni, ta dubi Iliyasu.

"Baba Direba, me ya kumbura maka hannu haka?"

Wayar Iliyasu ta gaji ta yi shiru. Motar kaɗai ke numfashi.